Aikin asibiti akwai shi, albashin ne babu: labarina na CHEW a Kano

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin wajen birnin Kano, ba zan faɗi sunan garin ba balle na asibitin saboda har yau can nake aiki. CHEW na karanta, karatun ma'aikatan lafiyar al'umma, wato mu ne idan kin kai yaro yana zazzaɓi ko kin je awo ko rigakafi za ki tarar a bakin tebur, mutanen gari suna ce mana likita mu kuma mun san ba likitoci bane. Kullum sai kaji a rediyo ana cewa asibitocin karkara babu ma'aikata, kuma gaskiya ne ban musa ba, amma wlh duk sanda naji maganar nan sai raina ya sosu, don na san gidajen da ma'aikatan suke zaune da satifiket ɗinsu a ƙasan akwati, wasu kuma suna cikin asibitin ma suna ta aiki sai dai ba a lissafa su. Ni a duka biyun na zauna.

Yadda akai na shiga karatun lafiya ba wani dogon tunani nayi ba. A wajenmu idan yarinya ta gama sakandare kuma uba yana da niyyar barinta ta ci gaba, to abu biyu ne, ko koyarwa ko lafiya, su ne dangi ba sa tada jijiyar wuya a kai, musamman lafiya don kowa ya san mata sun fi son mace ta duba su. Ga kuma wata ƙanwar Ummanmu da tayi irin karatun tun zamanin soja, ita kam tana yawan ba mu labari cewa kafin ma sakamakonsu ya fito an riga an raba su asibitoci, ƙaramar hukuma ce ma take biyan su ɗan alawus suna makaranta. Lokacinsu ne aka ɗauki kiwon lafiya matakin farko da zafi, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka yi ta yaye irinmu don a cike ƙauyukan da likita ba zai je ya zauna ba. To da wannan hoton Baba ya sa ni, yace ke dai ki gama aiki na jiranki.

Shekara uku ake yi a CHEW, masu JCHEW, wato ƙaramin matakinsa, biyu. Kuɗin rajista, kuɗin yunifom, kuɗin firaktikal, kuɗin jarrabawar ƙasa, sai kuma lasisi daga hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, duk Baba ya biya da gyaɗa da wake da yake nomawa, wata shekarar har da bijiminsa. Na gama a 2013.

Sai muka fito muka tarar da kalmar da zan daɗe ina ji, wai an dakatar da ɗaukar ma'aikata. Ka je sakatariya ace ka ajiye takardunka, ka ajiye, a sa su cikin wani fayil da ya kumbura har ba ya rufuwa. Mutane da yawa basu san yadda tsarin yake ba shi yasa suke zagin ma'aikata kawai. A Najeriya manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano na gwamnatin tarayya ne, su asibitin Murtala da sauran manyan asibitocin gari na jiha ne, mu kuma ƙananan nan da talaka yake fara zuwa an rataya mu ne a wuyan ƙananan hukumomi, wato inda marasa lafiya suka fi yawa nan ne aljihun ya fi ƙanƙanta. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 ne, mazaɓu 484, kuma manufar da ake ta faɗa ita ce kowace mazaɓa a samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki sosai. Gini kam ana yi. Wanda zai zauna a cikin ginin ne ake ta ɗagawa zuwa baɗi.

Da zaman gida ya ishe ni, har na fara manta adadin maganin da ake ba yaro gwargwadon nauyinsa, sai Yayana ya raka ni wajen incaj, wato shugaban asibitin garinmu, wani dattijo ne mai haƙuri, CHO ne, matakin da ke sama da CHEW. Muka gaisa na miƙa takardu, ya duba ya duba sannan yace “'yata, aiki kam ga shi nan har ya fi ƙarfinmu, amma ki sani ba ni da ko sisi da zan ce ga albashinki, in kin yarda ki zo gobe da farin kayanki.” Nace “na yarda Baba.” Yace in an tashi ɗauka ai da na ciki ake farawa. Ba yaudarata yayi ba, shi ma haka ya ɗauka.

Haka na zama folontiya, 'yar sa kai. A rostan da ke manne a bango sunaye sun kai goma sha, amma masu lambar albashi da suke zuwa kullum su huɗu ne, incaj, da wata Anti babbar CHEW da ke riƙe da ɗakin awo da haihuwa, da mai ba da magani, da mai gadi. Sauran duk mu ne, 'yan sa kai da 'yan kajuwal, har mai yanka kati da mai shara da yaron da ke ɗakin gwaji.

Bari in ɗan nuna muku yadda ranar aiki take a damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, don wanda bai gani ba zai zata allura kawai muke yi mu koma gida. Kafin in iso mata sun cika barandar har ƙarƙashin bishiyar darbejiya, kowacce da goyo wata da biyu, katin asibiti a naɗe cikin leda. Zan zauna in ja littafin rajistar OPD, na marasa lafiyar da ake dubawa su koma gida, in fara. Malama jikinsa zafi tun shekaranjiya, ba ya cin abinci, yana amai. In taɓa goshi, in sa ma'aunin zafi a hammata, in buɗe fatar ido in ga ko jini ya yi ƙasa, in goge ɗan yatsa da auduga in soka, ɗigon jini a kan abin gwajin maleriya, a jira kamar minti goma sha biyar, layi biyu ya fito to maleriya ce a rubuta maganinta ACT gwargwadon nauyi. Kafin wannan ya fito na riga na soki yara uku a bayansa, na jera abin gwajin a kan tebur da sunan kowa a jiki don kar su cakuɗe. Mai gudawa a ba shi ORS, haɗin ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc a koya wa uwar yadda ake haɗawa, kuma sai ka sa ta maimaita da bakinta don in ka ce “kin gane?” kowa ma eh zata ce. Yaron da ka ga ya rame ka zaro ɗan tef ɗin nan ka naɗa a damtsen hannunsa, kore lafiya, rawaya a sa ido, ja kuwa tamowa ce mai tsanani sai a tura inda ake ba da abincin nan na gyaɗa. Mai tari sai ka ɗaga riga ka ƙirga numfashi na minti ɗaya cur kana kallon ko ƙirjin yana lotsawa. Duk wannan akwai littafin ƙa'ida da muke bi, standin oda, shi yake gaya maka wanda za ka yi wa magani da wanda za ka tura gaba ba tare da ɓata lokaci ba. To turawar ce tashin hankali, yaro yana jijjiga ka rubuta takarda ka ce maza a tafi babban asibiti, uban ya tsaya yana lalube aljihu yana lissafin kuɗin mota, wani ya kalle ka yace “malama ki dai yi mana abin da za ki iya a nan.” A tsakiyar haka a leƙo daga ɗakin awo ace zo ki riƙe min, wata hawan jininta ya yi sama ƙafa ta kumbura. Sallar azahar sai wajen la'asar. In an watse kuma ba tafiya za kai ba, sai ka zauna cike rajistoci, na awo daban na rigakafi daban na tazarar haihuwa daban, don ƙarshen wata sai an haɗa rahoto an kai ƙaramar hukuma.

Kuma aikin ƙaruwa yayi ba raguwa ba. A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin da ya ba CHEW damar yin wasu ayyukan da a da sai nas ko ungozoma, kamar karɓar haihuwar da ba ta da matsala da sa ashanar tazarar haihuwa a hannu, in an ba ka horo. Dalilin a bayyane yake, ungozomomin babu su a ƙauye. An yi shirin tura ungozomomi karkara tun 2009, aka kuma yi wani irinsa a ƙarƙashin shirin gwamnati na SURE-P daga 2012, sun zo sun taimaka sosai amma da shirin ya ja baya sai suka tattara suka koma birni, wa zai ga laifinsu. Nauyin ya dawo kanmu.

Abin da nake samu? In wata ya ƙare incaj ya ɗan tsakuro daga abin da ya shigo na kati da ribar magani ya raba mana, yace ga na sabulu. Wani watan ya isa kuɗin mota wani watan bai isa ba. Abin da ke ɗan riƙe mu shi ne aikin kamfen. In za a yi rigakafin shan inna gida-gida sai kowa ya fara addu'ar sunansa ya fito, ka ɗau akwatin ƙanƙara ka bi lungu lungu, ɗigo biyu a bakin yaro, a shafa masa alama a ƙaramin yatsa, a rubuta da alli a jikin ƙofa, wani gidan a ba ka ruwa wani gidan maigida ya fito ya wanke ka tas yace ga maleriya na kashe yara ba ku kawo magani kyauta ba sai wannan. Ranar da aka sanar a Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali nayi murna har da hawaye, amma cikin raina nace yawancin ƙafafun da suka yi wannan tafiyar ba su da lambar albashi. Daga baya aka ƙaro rabon maganin kariyar maleriya na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, da rabon gidan sauro, duk aikin 'yan kwanaki ne a biya ka a sallame ka.

Akwai abin da ya faru da ba na mantawa. Wata rana wasu jami'ai suka zo da mota tantance ma'aikata, suna riƙe da dogon jerin sunaye. Aka ce masu lamba su shigo ofishin incaj. Mu 'yan sa kai muka ci gaba da ganin marasa lafiya tunda layi ba zai tsaya ba. Ta taga ina jin ana kiran sunaye, sai ga wasu mutane sun bayyana cikin shadda da leshi, wlh tunda nake a asibitin ban taɓa ganin fuskarsu ba, wai ma'aikatanmu ne, wata ma sai da ta tambaye ni ina ne banɗaki. Aka ƙirga su aka sa hannu aka tafi. Ɗaya daga cikin jami'an da zai fita ya gan ni da sirinji a hannu yace “ke fa?” incaj yace 'yar sa kai ce, yace “to Allah ya ba da lada,” ya wuce. Anti ta ɗakin awo ta kalle ni tace kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Tun daga ranar in naji an kawo alƙaluman ma'aikatan lafiya na wani yanki sai in tambayi kaina, waɗanda ke kan takarda aka ƙirga ko waɗanda ke kan tebur, don ba mutane ɗaya bane.

A haka nayi aure, maigida malamin firamare ne, shi ma ba wani ƙarfi ba amma bai taɓa ce min in daina ba, sai dai surukata takan ce wannan wane irin aiki ne kullum a fita da safe a dawo da ciwon baya ba ko kwabo.

Sai N-Power ta zo, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aiki. An fara a 2016, rukunin farko ban samu ba, na biyu da suka fara a 2018 Allah ya sa sunana ya fito a ɓangaren lafiya, kuma aka bar ni a asibitin da nake. Naira 30,000 a wata. Ranar da alat na farko ya shigo ina ɗakin rigakafi, na duba waya na sake dubawa na fita bayan gini nayi sujada a kan yashi. Na yi wa Babana ɗinkin shadda na kai masa, ya riƙe yana ta juya ta yana sa albarka. Lokacin nan dubu talatin kuɗi ce, na shiga adashi na sayi abin awon hawan jini nawa na kaina da keken ɗinki. Amma dama an faɗa shiri ne na wucin gadi, a tsakiyar 2020 aka sallami rukuni na ɗaya da na biyu, daidai lokacin korona, ana kulle ana tsoro, mu muna ganin masu tari da zazzaɓi da takunkumin yadi da muka ɗinka da kanmu. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, marasa lafiya su ne dai, jiya ina da albashi yau babu.

Nan ne na karaya na tafi firabet. Wani ƙaramin kilinik ne a cikin birni, mai shi likita ne da ke aikin gwamnati da rana sai yamma yake leƙowa. Diyutin awa goma sha biyu, ni ce mai kati ni ce mai allura ni ce mai ƙarin ruwa, wani lokacin har da wankin kayan aiki da lissafin kuɗi. Albashi 15,000, lokacin kuwa mafi ƙarancin albashi a doka 30,000 ne tun 2019, ba takardar ɗauka ba hutu, in ka yi rashin lafiya a cire na ranar. In ka yi ƙorafi manaja ya jawo durowa ya nuna maka takardun masu nema. Kuma ba ƙarya yake ba, ni da idona na ga masu digiri a ciki. Mutane suna cewa ai asibitocin kuɗi sun yi yawa a Kano suna ɗaukar matasa, eh suna ɗauka, amma irin wannan ɗaukar ce. Da na samu ciki na biyu jikina ya kasa, na bari na koma garinmu, na koma wajen Baba incaj ina jin kunya, yace “dama kujerarki tana nan 'yata.”

Muna da guruf na 'yan ajinmu a WhatsApp, in kana son sanin inda ma'aikatan lafiyar Kano suke to ka leƙa irin wannan guruf ɗin. Kaɗan ne suka samu aikin gwamnati da wuri, kuma kowa ya san gidan da suka fito. Maza da yawa sun buɗe kemis a ƙauyuka, nan suke duba mutane suna allura duk da doka ba ta ba mai kemis wannan damar ba, amma je ka faɗa wa ƙauyen da asibitinsu ke rufe tun azahar. Wani yana POS, wani adaidaita sahu yake ja, wani yana Kantin Kwari wajen yayansa. Mata kuwa daga masu sayar da atamfa da turaren wuta a waya sai waɗanda aure ya zaunar, lasisinsu ya mutu ba su sabunta ba don da me za a sabunta. Masu sa'a su ne suka samu kwantiragi da ƙungiyoyin agaji, ana biya da kyau amma in aikin ya ƙare shikenan. Duk bayan 'yan kwanaki sai wani ya turo wai an buɗe fotal za a ɗauki ma'aikatan lafiya, kowa ya ruga kafe ya cike, shiru.

Sai kuma masu sayar da ofa, wato takardar ɗaukar aiki. Ni ma an same ni, wani ne ya kira maigida yace yana da hanya, a kawo dubu ɗari-ɗari har kaza a ga takarda cikin sati biyu. Maigida yace ko yana da su ba zai bayar ba balle ba shi da su. Wata ƙawata ta sayar da gadonta da 'yan kunnenta na gwal ta bayar, aka ba ta takarda mai tambari da komai, ta je kama aiki aka ce ba su san da ita ba. Har yau ba ta cika son a tada zancen ba.

In ana maganar ma'aikatan lafiya suna guduwa waje sai in yi murmushi kawai. Gaskiya ne suna tafiya, ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da kansa ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, hukumar nas-nas da ungozomomi ma tace sama da 42,000 sun fita cikin shekara uku, Ingila da Saudiyya da Amurka da Kanada. Amma mu takardarmu ta gida ce, an ƙirƙiro CHEW ne don Najeriya, ba wata ƙasa da ke layin ɗaukarmu. To abin da ke faruwa shi ne likita ya bar babban asibiti ya tafi waje, nas ɗin da ke ƙaramin gari ta samu canji ta koma birni, ƙauye ya rage daga mu sai mu. Kuma likitocin da suka rage ma yawancinsu suna Legas da Abuja da manyan birane. Ni tunda nake wannan asibitin likita bai taɓa zama na dindindin ba.

2023 ita ce shekarar da ta fi ba ni wuya. Farkonta aka yi ƙarancin takardun kuɗi na canjin naira, mace ta zo da yaro ba ta da kuɗin kati a hannu, ba ta da asusun banki balle tiransifa, mu ma kuɗin sabulun ya tsaya. Ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin mota ya ninka, 'yan sa kai biyu da ke zuwa daga nesa suka daina zuwa don kuɗin zuwan ya fi abin da ake ba su. Ga mashaƙo ya ɓarke tun ƙarshen 2022 kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu shi. Yaro ya zo da ciwon maƙogwaro wuya ya kumbura, ka haska fitilar waya ka ga wani farin abu ya lulluɓe maƙoshi, gabanka ya faɗi, ka tambayi katin rigakafi uwar tace ba a taɓa yi masa ba. Allurar penta da ake yi wa jarirai a sati 6 da 10 da 14 tana kare wannan ciwon, kyauta ce, amma sai an samu mai yi da mai bin ƙauyuka da mai komawa ya nemo wanda bai dawo ba. Da abin ya yi zafi sai ga kuɗin kamfen ya fito aka kwashe mu aikin wucin gadi. Mu ɗin dai da ake cewa babu.

Ba zan ce ba a yi komai ba, zalunci ne in faɗi haka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya matakin farko, aka fara sa shi a kasafin 2018, kuma asibitinmu yana cikin waɗanda kuɗin ke shigowa asusunsu kai tsaye. An yi fenti, an gyara rufin da ke yoyo, an sa sola yanzu firjin rigakafi ba ya mutuwa, magani ya ɗan wadata, har ana ɗan ba 'yan kajuwal wani abu da ya fi na da. An kuma yi ta kiranmu bita, gwamnatin tarayya ma ta ce za ta sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000. Ni dai ra'ayina, horo yana da kyau, amma ka horar da mutum huɗu sau goma su huɗun ne dai, kuma ranar da suka tafi bitar waye a asibiti in ba 'yan sa kai ba. Gyaran da aka yi ma jawo mutane yayi, layi ya ƙara tsawo.

Nawa rabon ya zo a 2024. An ce a kawo sunayen waɗanda suka daɗe suna sa kai, Baba incaj ya sa ni a farko ya kuma bi takardar da ƙafarsa, aka kira mu tantancewa, rana ta dake mu a layi, aka duba satifiket da lasisi da takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma, aka yi mana 'yan tambayoyi. Ban sa rai ba don an sha yin haka. Wata ranar Talata ina tsaka da awo wata 'yar ajinmu ta kira tana ihu wai ta ga sunana. Ban ba kowa ko naira ɗaya ba, Allah shi ne shaida, kuma ina faɗa ne don masu cewa ba a taɓa samu sai da kuɗi, ana samu, sai dai waɗanda muka tsaya layi tare da yawa ba su samu ba kuma ba don na fi su iya aiki ba. Babana bai ga wannan ranar ba, ya rasu kafin nan, Allah ya jiƙansa. Umma ce na kai wa takardar, ba ta iya karatun boko ba amma ta riƙe ta tana shafawa.

Abin da ba a gaya maka shi ne duk shekarun sa kai ba sa cikin lissafi. A takarda ni sabuwar ma'aikaciya ce, matakin farko, daidai da yarinyar da ta gama bara, ƙarin girma da fansho daga 2024 za su fara ƙirgawa. Mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a shekarar, amma kowa ya san abin da buhun shinkafa ya koma. Duk da haka alhamdulillah, wata na ƙarewa na san wani abu zai shigo.

Baba incaj ya yi ritaya, Anti ta ɗakin awo ma saura ƙiris, ba a turo madadinsa da wuri ba sai aka ce in riƙa haɗa rosta kafin nan. Yanzu ni ce yara ke zuwa wa da takardu a cikin fayil ɗin roba, sun gama makarantun lafiya masu zaman kansu da suka cika gari, kowace unguwa ka ga allo an rubuta kwalejin kimiyyar lafiya, wasu ma ba su da rajista ana sha jin an rufe su bayan iyaye sun gama zuba kuɗi. Sai yarinya ta durƙusa tace “Anti don Allah ko sa kai ne.” Ina buƙatarta kuwa, don ranar awo ba yadda zan yi ni kaɗai. Ina karɓarsu, sai dai ni ba na cewa in an tashi ɗauka da na ciki ake farawa, ina ce musu ga aiki ga abin da zan iya ba ku, ku riƙe wata sana'a a gefe, kuma kar ku bari lasisi ya mutu.

Kwanaki Yayana, wanda ya raka ni wajen incaj tun farko, ya zo min da maganar 'yarsa ta gama sakandare yana so tayi CHEW kamar ni. Nace Yaya in dai sakamakonta ya kai a gwada mata makarantar nas ko ungozoma tukun, su ana nemansu a gwamnati da firabet har da waje, in kuma dole sai wannan ɗin to a tabbatar makarantar tana da rajista da hukuma kafin a biya ko sisi. Ya ce ai ya riga ya sayi fom, kuma kujerun makarantar nas sun yi kaɗan masu nema sun yi yawa, ba shi da wanda zai tsaya masa. Na karɓi sunan makarantar na sa aka bincika min, tana da rajista. Ta fara zuwa, hutun nan ma wajena za ta yi firaktikal.